Sana'ar Binciken Salsala: Masu Cin Abinci da Tono Asalin Mutane a Sikotilan

'Yan uwa ɗalibai, wa zai iya kawo sunan kakan kakansa ba tare da ya buga waya gida ba? Ni dai na gwada, a kan kakan babana na cije. Abin da ya jawo gwajin, a zangon da ya wuce an ba mu aiki kan adana takardun tarihi, a nan na ci karo da wata sana'a da ban taɓa zaton ana cin abinci da ita ba, wato binciken salsala. Ka biya mutum, ya tono maka asalinka da hujjar takarda. A Sikotilan, can arewacin Birtaniya, kasuwar masu wannan aiki tana ci.

Dalilin yana cikin tarihin ƙasar. Daga tsakiyar ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19, masu filaye sun tashi talakawa da yawa daga gonakinsu a yankin tsaunukan arewa, galibi don a mayar da wurin makiyayar tumaki. Wasu kuma talauci ne ya kore su. Aka fantsama Kanada da Amurka da Ostireliya da Niyu Zilan. Yau zuriyarsu ce ke son sanin ƙauyen da aka fito, su ne manyan kwastomomi. Akwai kuma lauyoyi masu neman magada, domin a dokar ƙasar, wanda ya mutu bai bar wasiyya ba kuma ba a samu danginsa ba, dukiyarsa hannun hukuma take faɗawa. Ka ga a nan, kuskuren suna ɗaya yana iya hana mai haƙƙi gadonsa.

To yaya ake aikin? Ana farawa da abin da kwastoma ya tabbatar, sannan a riƙa komawa baya ɗaki-ɗaki. Babbar ma'ajiyar takardun tana Edinbura, a hannun hukumar National Records of Scotland, wadda ke da shafin intanet mai suna ScotlandsPeople, inda ake biyan kuɗi a ga hoton takardar asali. Tun 1 ga Janairun 1855 doka ta wajabta rajistar haihuwa da aure da mutuwa, kuma rajistar tasu ba ta rowar bayani. Takardar mutuwa tana kawo sunan uba da na uwa, har da sunan gidan da uwar ta fito. Ta haihuwa kuma, in ka cire shekarun 1856 zuwa 1860, tana faɗin rana da wurin da iyayen suka yi aure. Wato kowace takarda tana nuna maka ƙofar ta gaba. Sai a haɗa da ƙidayar jama'a ta kowace shekara goma, wadda aka buɗe daga ta 1841 zuwa ta 1921.

Inda gumi yake shi ne kafin 1855. A nan sai littattafan coci na baftisma da aure, waɗanda mafi tsufansu na 1553 ne. Wasu sun ɓace, wasu danshi ya cinye, wani wurin kuma magatakarda ne ya yi sakaci. Daga 1783 zuwa 1794 an sa harajin kwabo uku kan duk wanda aka rubuta, talakawa da dama suka ƙaurace. A 1843 kuma cocin ƙasar ya dare biyu, iyalai da yawa suka bi sabon ɓangaren, sunayensu suka daina fitowa a tsohon littafi. Dole mai bincike ya zagaya ta takardun wasiyya, da rajistar filaye da aka fara a 1617, da bayanan zaman dattawan coci. Rubutun hannun zamanin ma karatu ne mai zaman kansa, wallahi na duba hoton shafi ɗaya, kalma uku na iya tsinta.

Wani tarkon zai zo mana da sauƙin fahimta, tunda mu ma muna mayar da sunan iyaye. A al'adarsu, ɗan fari namiji yakan ci sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa. To ka ɗauka 'yan uwa maza uku kowa ya bi al'adar: ga yara uku takwarorin juna, sunan gida ɗaya, ƙauye ɗaya, shekaru kusa da kusa. Mai gaggawa sai ya cafki na farkon da ya gani, ya ɗora wa kwastoma dangin da ba nasa ba. Ƙwararre ba ya amincewa sai sana'ar uban da sunan uwar da wurin zama sun dace.

Doka ba ta ce sai da lasisi ba, amma ana neman shaida. Jami'ar Strathclyde da ke Gilasgo tana koyar da fannin har matakin digiri na biyu, sannan ƙungiyarsu ta ASGRA, da aka kafa a 1981, sai ta tantance aikinka kafin ta karɓe ka. Yawancinsu kansu suke yi wa aiki, kuma kuɗin awa suke caja, a samu ko kar a samu. Abin da ya fi burge ni shi ne riƙon gaskiya. Kwastoma yakan zo da labarin cewa kakansu shugaban dangi ne, takarda ta nuna ɗan ƙodago ne a gona, kuma haka za a rubuta masa a rahoto.

Mu namu asalin yawanci yana bakin tsofaffi da maroƙan gidajen sarauta, kuma tsofaffin suna ta tafiya. Ban ce gobe mu buɗe shagon tono salsala ba, amma duk wanda ya taɓa ganin rikicin gadon gona ya san darajar rubutaccen suna. A hutun da ya wuce na zauna da kakata, na kunna rikodar waya. Ta ƙara mini kakanni biyu da sunan garin da suka taso, ta ce sauran yayarta ce ta sani, ita kuwa ta rasu bara. In Allah ya kai mu hutu mai zuwa, wanda ke da tsoho a gida ya tafi da littafi da biro.