Yadda ake haɗa naman sa da ganye cikin minti 30 bayan tashi daga aiki

Ma'aikaciyar da ta tashi daga ofis a Yola ko Jimeta da ƙarfe 4 na yamma, ta biya kasuwa, ta kuma sha cunkoson Keke Napep a hanya, takan isa gida ne Magariba ta gabato. Naman sa kuwa a girkin gargajiya yana buƙatar doguwar tafasa, wadda ke cin lokaci da iskar gas. Wannan ne ke tura gidaje da dama ga taliyar leda ko abincin sayarwa, alhali jihar Adamawa na da manyan kasuwannin shanu irin na Mubi da Ngurore.

Akwai girkin da ke magance wannan matsala, wato soyayyen naman sa da burokoli, wanda gidajen abincin 'yan Sin da ke Amurka suka yayata. Burokoli ganye ne ɗan asalin Italiya, dangin kabeji, mai son sanyi. Shi ya sa a Najeriya aka fi noma shi a jihar Filato, kuma yakan yi tsada idan ya iso Yola mai zafi. Idan ba a same shi ba, kabeji na maye gurbinsa, haka ma koren wake da alayyahu, wanda masu noman rani ke fitarwa daga bakin kogin Binuwai da tafkin Geriyo.

Sirrin girkin yana wajen yanka. Mai tsire ya daɗe da sanin cewa naman da aka fere siriri yana nuna cikin 'yan mintoci. Don haka a nemi tsoka marar jijiya wajen mahauci, a yanka ta fale-fale, a gicciye da zaren naman, domin hakan na katse zaren da ke sa tauri.

Ga iyali mai mutum huɗu, rabin kilo na nama ya isa, tare da kan burokoli ɗaya ko rabin kabeji. A fara ɗora shinkafa. Kafin ta nuna, a cakuɗa naman da dakakkiyar citta, tafarnuwa, gishiri, ɗan man gyaɗa da cokali ɗaya na kwanfulawa, a bar shi minti 10. Masu girkin Sin na amfani da miyar waken soya, amma garin daddawa kaɗan na ba da ɗanɗano mai kama da nata.

Daga nan sai a zafafa kasko sosai, a soya naman kashi biyu, kowane kashi minti 2 zuwa 3. Idan aka cika kaskon lokaci guda, naman zai tsatso ruwa, ya koma dahuwa maimakon suya, ya kuma yi tauri. Bayan an kwashe shi, a zuba albasa, attaruhu da ganyen, a yayyafa ruwa kaɗan, a rufe na minti 3. Sai a mayar da naman, a juya har romon ya yi kauri.

Gajeriyar dahuwa na da amfani ga lafiya. Burokoli da kabeji na ɗauke da bitamin C, wanda ke zubewa idan an daɗe ana tafasa ganye a ruwa, naman sa kuma na samar da sinadarin ƙarfe da jiki ke buƙata wajen gina jini. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a kullum.

Sai dai sauri ba ya halatta sakaci. A watannin Maris da Afrilu zafin Yola kan haura digiri 40, ga kuma ɗaukewar wutar lantarki, don haka naman da ya yini a rana kan lalace da wuri. Ya kamata a sayi wanda aka yanka a ranar, a wanke ganye da ruwa mai tsabta kafin a yanka shi, a kuma raba wuƙa da katakon nama da na ganye. Hukumar ta kuma yi gargaɗin kada a bar dafaffen abinci a waje fiye da sa'o'i 2. Abin da ya rage a sa shi a firiji, idan kuma babu tabbacin wuta, a dafa daidai cikin iyali.