Me Ke Kashe Kifin Da Ake Kiwo A Gida?

A da can, in ana zancen kifi a ƙasar Gwarzo da Kabo, sai hankali ya koma ga masunta da komarsu. Gwamna Audu Bako, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, shi ya ɗauki aikin gina madatsun ruwa gadan-gadan. An gama ta Tiga a 1974, daga baya muka sami namu na kusa irin su Guzu-Guzu da Magaga, aka kuma gama ta Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992. Yanzu kuwa abin ya shigo har cikin gida. Za ka ga mutum ya gina tankin siminti ko ya sayi na roba, ya zuba 'ya'yan tarwaɗa yana kiwo. Sai dai sau da yawa murna takan koma ciki, a wayi gari a tarar kifi sun yi rigingine a saman ruwa, kuɗin iri da na abinci duk sun salwanta. Abin da nake so in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu shi ne, yawancin ciwon kifi daga ruwa yake farawa. Ai ruwa ba ya tsami banza.

Da farko dai mu tuna cewa a cikin ruwa kifi yake numfashi. In ka ɗaga murfin da ke gefen kansa za ka ga wani jan nama mai kama da matsefi, wanda zan kira kunnen kifi. Da shi yake zuƙo iskar oksijin da ta narke cikin ruwa. Wannan iska kuwa ba ta da yawa, kuma tana raguwa in ruwa ya ɗauki zafi. Lita ɗaya ta ruwa mai sanyin digiri 20 tana iya riƙe wajen miligiram 9, amma in ya kai digiri 30 sai ta sauko wajen 7 da rabi. Shi ya sa a bazara, musamman watan Afrilu, karfasa takan taso sama da asuba tana haki. Tarwaɗa ta fi ta juriya, domin tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da ita. To, wannan juriya ce ke yaudarar masu kiwo, su cusa kifi fiye da kima, su bar ruwa ya yi ɗoyi, suna cewa ai tarwaɗa ba ta mutuwa.

Abu na biyu shi ne ƙazanta. Kifi yana fitar da wata guba mai suna amoniya ta kunnensa, kashinsa da ragowar abinci kuma suna ruɓewa su ƙara ta. A rafi ko madatsa ruwa yana da yawa, sai ya salance ta. A tanki kuwa ba inda za ta. Tana ƙona kunnen kifi, ta ɓata yauƙin nan da ke lulluɓe da jikinsa, alhali yauƙin shi ne garkuwarsa. Da zarar garkuwa ta faɗi sai cuta ta sami ƙofa: jela da fikafikai su zagwanye, gyambo ya fito, wani farin abu kamar auduga ya tsiro a kan rauni. Akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke sauya amoniya ta rage illa, amma sukan ɗauki sati 4 zuwa 6 kafin su kafu a sabon tanki. Saboda haka sabon tanki ya fi tsoho haɗari.

Abu na uku shi ne sanyi da abinci. Tarwaɗa ta fi jin daɗin ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 30. In hunturu ya shigo a Disamba da Janairu sai ta rage ci. Mai kiwon da ya ci gaba da watsa abinci kamar da, ruwansa kawai yake ɓatawa. Haka kuma abincin da ba shi da isasshen bitamin C, ko wanda ya daɗe a ajiye cikin zafi, yana jawo ciwon da ake kira fashewar kai, inda ƙashin kan tarwaɗa yake tsagewa.

Akwai wata cuta da ta kamata in yi bayaninta filla-filla, wato farin ɗigo. Za ka ga jikin kifi da ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa masa gishiri, yana ta goga jikinsa a bangon tanki. Wata 'yar mitsitsiyar halitta ce ke shiga ƙarƙashin fatarsa ta yi ta ci. In ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasan tanki, ta naɗe kanta cikin ƙwanso, ta rarrabu ta zama ɗaruruwa, sa'an nan su fashe su fito suna neman kifin da za su kama. Magani ba ya samunta a cikin fata, ba ya samunta a cikin ƙwanso, sai lokacin da take yawo a ruwa. Don haka wanda ya ga ɗigo ya ɓace bayan kwana biyu ya daina magani, ya sani fa ba tafiya ta yi ba, haihuwa ta je.

Yanzu bari mu leƙa wani irin kiwo da bai zama ruwan dare a wajenmu ba, domin yana ƙara haskaka maganar. A ƙasashe irin su Ingila da Amurka da Japan mutane sukan ajiye kifayen teku masu launi a cikin akwatin gilashi don ado. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri wajen giram 35 a kowace lita, jinin kifi kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wannan ba. Mun koya a darasin kimiyya cewa ruwa yana ratsa fata ya tafi inda gishiri ya fi yawa. Ke nan kifin teku kullum ruwan jikinsa tsiyayewa yake yi, sai ya yi ta shan ruwa yana fitar da gishirin ta kunne. Kifinmu na rafi kuwa akasin haka ne, ruwa ke ta shiga jikinsa, shi kuma yana ta fitar da shi ta fitsari.

Mai akwatin kifin teku ba zai yi amfani da gishirin miya ba, sai wani haɗi na musamman, domin ruwan teku ya ƙunshi waɗansu sinadarai ban da gishirin da muka sani. In ruwa ya ƙafe, gishirin yana nan bai tafi ba, don haka da ruwan daɗi ake cikawa, in ba haka ba gishiri ya yi yawa ya galabaitar da kifin. Su ma suna da nasu farin ɗigon, mai irin wannan zagaye na rayuwa. Ga abin mamaki: su in kifinsu ya kamu da ƙwarin fata, sukan tsoma shi a ruwan daɗi na minti 3 zuwa 5, mu kuwa gishiri muke sa wa namu. Dalilin ɗaya ne. Ƙwaron ƙarami ne ƙwarai, ba ya jure sauyin gishiri kamar yadda kifi ke jurewa.

To, mene ne abin yi? Na ɗaya, kada a cika tanki da kifi, kuma a riƙa ware manya daga ƙanana, don tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta. Na biyu, a riƙa sauya wani kaso na ruwan a kai a kai, ana kwashe dattin ƙasa. In ruwan famfo ne mai sinadarin kulorin, a bar shi a buɗe ya kwana ɗaya ko biyu. Na uku, a ba kifi abin da zai cinye cikin 'yan mintoci kaɗan. Na huɗu, duk sabon kifi, ko daga madatsa aka kamo shi ko saye aka yi, a ajiye shi daban na sati 2 zuwa 4 kafin a haɗa shi da na gida. Na biyar, in za a sa gishiri a auna. Giram 3 a lita ya isa, wato wajen ƙaramin cokalin shayi 10 a jarka mai lita 20. Na shida, a kwashe mataccen kifi nan da nan a binne shi.

Ina kuma roƙon iyayenmu da su guji zuba ƙwayoyin magani na mutane ko na kaji a cikin tanki ba tare da shawarar malamin gona ko likitan dabbobi ba. Yin haka yana sa ƙwayoyin cuta su saba da magani su daina jinsa, kuma ragowarsa yana iya zama a naman kifin da mu ne za mu ci.

Mu ɗalibai muna da abin da za mu taimaka da shi. Kowace safiya kafin mu tafi makaranta muna iya duba tankin gidanmu. Shin kifin suna cin abinci? Suna taruwa a sama? Ruwan ya sake launi ko wari? In mun ga alama, abin da za mu fara faɗa wa Baba shi ne a dakatar da abinci, a sauya ruwa, kafin a nufi kantin magani. Rigakafi dai, in ji Hausawa, ya fi magani.