"Ya ba shi": kalmar da ke cinye gona

A ƙauyukan Ɗanbatta, inda gona ke manne da gona, rigimar fili kan tsaya a kan kalma ɗaya. Dattijo zai durƙusa gaban alƙali ya ce, "Allah gafarta Malam, a gabana marigayi ya ba shi gonar." Bai yi ƙarya ba. To amma wace irin bayarwa? In aro ce, magada za su karɓi abinsu. In jingina ce, sai sun mayar da kuɗin. In kyauta ce kuma an riga an karɓa ana nomawa, magana ta ƙare. Kunya da kara sun saba mana da dunƙule zance, kotu kuwa warwarewa take so. Shi ya sa alƙali ke dagewa sai ya ji lafazin da marigayin ya furta, da ko ana kai masa galla bayan girbi, domin wanda aka ba halak malak ba ya kai galla.

Talaka yakan faɗa ramin nan da rashin sani, 'yan siyasa kuma da gangan suke laɓewa a ciki. A 2012 Faruk Lawan, wakilin Bagwai da Shanono a Majalisar Wakilai, yana shugabantar kwamitin binciken tallafin man fetur. Ya amsa cewa ya karɓi dala 500,000 daga hannun ɗan kasuwa Femi Otedola, amma ya ce ya karɓa ne don ya tona asirin mai bayarwa. Kuɗin ba a musa su ba, sunansu ake jayayya a kai: cin hanci ne ko hujja? Kotu ta duba abin da ya aikata bayan karɓar, ta yanke masa shekara 7 a 2021. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2024.

Ko a Amurka, a 1998 Shugaba Bill Clinton ya kare kansa da cewa da aka ce "babu wata alaƙa" tsakaninsa da Monica Lewinsky, tsohuwar ma'aikaciyar fadarsa, halin da ake ciki lokacin ake nufi, ba abin da ya wuce ba. Majalisar Wakilai ta tuhume shi da rantsuwar ƙarya, ta Dattawa ta ƙi tsige shi a 1999.

Manomi ba shi da irin lauyoyinsu. In za ka ba ɗan'uwanka gona, kira mai unguwa da shaidu biyu, a rubuta aro ce ko jingina, da shekarun da za ta yi a hannunsa.