Daga Kano zuwa duwatsun Kazaure: mota yau, jirgin ƙasa gobe

Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, aka kuma miƙa layi zuwa Nguru a 1930 don kwasar gyaɗa. Sai dai dogon bai bi ta Dambatta ba. Shi ya sa har yau mai son zuwa arewacin jihar mota yake nema.

Tafiyar takan fara ne daga tashar Ƙofar Ruwa. Motar haya ba ta da lokacin tashi, sai ta cika, ɗan kamasho na ta kiran Dambatta da Kazaure da Daura. Daga Dawanau hanya ta rabu da ta Katsina ta nufi arewa, gonakin gero da dawa da wake manne da juna, da kyar ka ga saura. Ranar Lahadi kuwa, ranar kasuwar Dambatta, motocin shanu sun cika titi, don haka matafiyi ya yi sammako. Wanda ƙauyensa ke ciki sai ya sauka a kwana, ɗan acaɓa ya ƙarasa da shi.

Ana shiga Jihar Jigawa ƙasa ta fara tudu, duwatsun Kazaure suka bayyana.

Ta nan ne sabon layin dogo na Kano zuwa Maraɗi zai ratsa. Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin a watan Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil ke gininsa, tsawonsa kimanin kilomita 284. An tsara tashoshi a Dambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya.