Duwatsun Azbin: Tarihi da Lambuna a Tsakiyar Sahara

Da yawa daga cikinmu idan aka ambaci arewacin Nijar, rairayi da raƙuma kawai ke zuwa mana a rai. Alhali kuwa arewa da Agadas akwai jerin duwatsun Azbin, waɗanda Buzaye ke kira Ayar, masu ƙoramu da lambuna da kufai. Wurin yana da tsohuwar alaƙa da ƙasar Hausa, domin tarihin baka na Gobirawa ya nuna a can kakanninsu suka zauna kafin su gangaro kudu.

Daga Agadas ake shiga. Hasumiyar babban masallacin garin, wadda aka gina da laka a wajajen 1515 aka sabunta a 1844, tsawonta mita 27 ne, ga itatuwa sun fito a jikinta domin masu yaɓe su samu wurin taka ƙafa. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Ta wannan yanki ne ayarin gishiri ke tashi zuwa Fashi da Bilma bayan damina, madugu a gaba, a dawo da kantu da dabino, a gangara da su kasuwannin Hausa a musanya da gero.

Wanda ya kama hanyar Arlit zai isa Dabus, inda mutanen dā suka sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce. Babban ya haura mita 5, kuma an fitar da zanen fatarsa tabo bayan tabo, har da wani layi da ya taso daga bakinsa zuwa ga siffar wani ɗan ƙaramin mutum. Raƙumin dawa ba ya rayuwa sai inda akwai itatuwa, saboda haka zanen shaida ne cewa wannan busasshiyar ƙasa ta taɓa zama daji mai ruwa da ciyawa.

A cikin duwatsun kuma akwai Timiya, garin manoman lambu. Ruwan damina da ke gangarowa daga tsaunuka yana nutsewa ƙarƙashin yashin ƙorama, sai a haƙa rijiya marar zurfi a same shi. Har yanzu akan ga raƙumi yana jan guga, ya yi gaba ya dawo, ruwan na kwarara cikin ƙananan magudanai zuwa gindin lemo da rumman da dabino. Kusa da garin akwai wani tafki a ƙarƙashin baƙin dutse inda ruwa ke zubowa bayan an yi ruwan sama. Arewa da nan kufan Asode yake, tsohon birnin da ya bunƙasa da fatauci, yanzu sai bangayen duwatsu da ragowar masallaci. Yaƙin da jagoran Buzaye Kawusan ya yi da Faransawa daga 1916 zuwa 1917 ya watsa mutanen garuruwan yankin da dama.

Masu ƙarfin gwiwa sukan hau tsaunin Bagzan, inda ƙololuwa mafi tsawo a Nijar take, mita 2,022. A samansa akwai ƙauyuka da gonakin albasa da tafarnuwa, kuma da jakuna mutanen wurin suka saba sauko da amfanin gona.

Sai dai tafiyar tana son shiri. Gandun Azbin da hamadar Tenere ya shiga jerin UNESCO a 1991, amma tun 1992 yake cikin wuraren da ke fuskantar barazana saboda rashin zaman lafiya. Don haka a nemi izinin hukuma da labarin tsaron hanya kafin a tashi, a kuma ɗauki ɗan jagora ɗan gari. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi dacewa, amma a riƙe bargo, don sanyin dare a kan dutse ba wasa ba ne. Da damina kada a kwana a cikin ƙorama ko da a bushe take, domin ruwa kan taho bagatatan daga nesa.

Uwa uba, kada a rubuta suna a jikin zane, kada a ɗauke dutse ko kasko daga kufai. Abin da aka ɗauke daga inda yake ya rasa labarinsa, masu bincike da na bayanmu kuma an cuce su.