Zazzaɓin da ya ƙi sauka: bayani kan sankarar jini

A nan Fau, idan yaro ya kwanta da zazzaɓi, maleriya ce ke fara zuwa ran kowa, kuma galibi ita ɗin ce. Amma akwai zazzaɓin da za a sha maganin maleriya har ya ƙare bai sauka ba, ko ya sauka kwana uku ya dawo. Yaro ya koɗe, tafin hannunsa da cikin idonsa su yi fari, ya daina wasa, ciki ya fara tasowa ta ɓangaren hagu. Idan aka haura mako biyu a haka, ba lokacin canza magani a kanti ba ne. Lokacin gwajin jini ne. A yankin Gadarif akwai cututtuka da ke zuwa da wannan kama, kuma ido ba ya iya raba su: maleriyar da ta daɗe, kala-azar, da sankarar jini, wadda likitocinmu ke kira saraɗanul dam, a takarda kuma su rubuta lukimiya. Ta ukun ita ce mafi ƙarancin aukuwa, ita ce kuma aka fi makara kafin a gane ta. Shi ya sa muka ware mata wannan shafi.

A cikin ɓargon ƙashi ake yin jini. Ɓargo na fitar da ƙwayoyi iri uku: jajaye masu kai iska sassan jiki, farare masu yaƙi da cuta, da wasu ƙanana masu tsayar da jini idan an ji rauni. Sankarar jini na farawa ne idan ƙwaya ɗaya daga cikin fararen ta lalace ta shiga hayayyafa ba tsayawa. 'Ya'yanta ba sa nuna, ba sa aiki, sai dai su cika ɓargo kamar yadda ciyawa ke cinye gonar da ba a nome ba. Wanda ya gane wannan ya gane alamomin duka. Jajayen ƙwayoyi sun yi ƙaranci, sai koɗewa da kasala da haki. Fararen kirki sun yi ƙaranci, sai zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da gyambon baki su riƙa dawowa. Masu tsayar da jini sun ragu, sai haɓo, da jini a dasashi, da taruwar jini a fata ba tare da an buge ba, da wasu ɗigo-ɗigo ja kamar an soka allura, waɗanda a fatarmu an fi ganinsu a cikin baki da farin ido. Ɓargo ya cika, sai ciwon ƙashi. Ƙaramin yaro ba ya iya faɗa, sai dai ya fara ɗingishi ko ya ƙi taka ƙafa ya ce a goye shi. Akan kuma ga kaluluwa a wuya ko hammata wadda ba ta zafi, da kumburin saifa da hanta.

Ba a ɗaukar ta. Ba ta bin tari, ba ta bin kwano ko tabarma, ba ta bin nono. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma gudun hijira ko abincin rabo ne ya kawo ta ba. A yawancin marasa lafiya ba a samun dalili guda da za a nuna. Abin da aka tabbatar yana ƙara haɗarinta shi ne shan taba, da yawan shaƙar sinadarin benzin da ke cikin man fetur, da haske mai ƙarfi irin na nukiliya.

Kala-azar ko sankara?

Wannan tambaya ta fi kowace muhimmanci a wurinmu, domin jihar Gadarif na cikin wuraren da kala-azar ta fi yawa a duniya, musamman ƙauyukan da ke bin kogin Rahad da na Atbara, inda baƙar ƙasa ke darewa da rani kuma aduwa da dushe suka yi yawa. Wani ɗan ƙwaro da bai kai sauro ba ne ke sa ta, ciwon kuma ya bayyana watanni bayan cizon. Zazzaɓi mai tsawo, rama, ƙatuwar saifa, ƙarancin jini: duk irin na sankara. Kala-azar na da gwajin gaggawa da ɗigon jini daga yatsa, tana kuma warkewa da allurai na kwana 17. Saboda haka ita likita zai fara nema, kuma ya yi daidai. Inda ake asarar lokaci shi ne bayan nan. Idan gwajin ya nuna babu ita, ko an gama alluran jiki bai canza ba, kada a koma gida a zauna. A koma wurin likita a tambaye shi a fili ko an yi ƙidayar ƙwayoyin jini, wadda ake rubuta CBC a takarda, da shafa jini a gilashi a duba da madubi. Tambayar ba raini ba ce. Iyalan da ke da sikila a zuri'a su ma su lura, don ciwon ƙashi da koɗewa na iya sa a ce ai tsohon ciwon ne ya tashi.

Idan ƙidaya ta nuna alama, tabbaci na ƙarshe sai an ɗebo ɗan ɓargo da allura daga ƙashin ƙugu. Ana kashe zafin wurin, aikin na mintuna ne, ɓargon kuma yana mayar da kansa.

Kafin a kai ga gwaji, muna roƙon ku abu uku. Kada a ba maras lafiya deksametazon ko firednisolon daga kanti. Suna sauke zazzaɓi, suna buɗe ci, amma suna ɓoye sankarar na ɗan lokaci har gwaji ya kasa ganinta, sannan ta dawo ta fi wuyar magani. Kada a ba shi asfirin ko diklofenak, suna ƙara zubar jini. Farasitamol ya isa. Kada kuma a yi masa tsaga, ko ƙaho, ko lalas a kan saifa. Wanzami na da aikinsa, amma jinin da ba ya tsayawa ba a buɗe masa ƙofa.

Ire-irenta da maganinsu

Manyan ire-irenta huɗu ne, biyu masu sauri, biyu masu tafiya a hankali. Ku duba takardarku, za ku ga haruffa uku.

ALL ita ce ta yara, ta fi kama 'yan shekara 2 zuwa 5. Tana zuwa cikin makonni, ita ce kuma ta fi jin magani. Maganin shi ne kimawi: ƙarin ruwa, allurai da ƙwayoyi, har da allura a gadon baya, domin cutar na laɓewa a ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa inda maganin jijiya ba ya isa sosai. Iyaye da yawa na tsoron wannan allura suna cewa tana gurgunta yaro. Ana yin ta ne ƙasa da inda lakar baya ta ƙare. Duka maganin na ɗaukar shekara biyu zuwa uku, kuma tarkon yana cikin watan farko. Bayan mako huɗu ko biyar yawancin yara na miƙewa, jini ya dawo, su koma wasa. Iyali sun gaji, kuɗin mota ya ƙare, an bar sauran yara da gona, sai a ce ya warke. Bai warke ba. Ragowar ƙwayoyin da madubi ba ya gani suna nan, kuma idan suka dawo, dawowar ta fi farkon tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin 100 na yara masu sankara suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai kashi 30 ba. Cutar ɗaya ce. Makara, da yanke magani, da yankewar magungunan kansu, su suka kawo tazarar.

AML ta fi kama manya, ita ma da sauri. Maganinta ya fi gajarta, wajen wata shida, amma ya fi nauyi, sai an kwanta asibiti ana ƙarin jini akai-akai. CLL ta tsofaffi ce. Wani lokaci likita kan ce a zuba ido kawai ana gwaji, kuma wannan ba sakaci ba ne.

CML kuwa ta cancanci a tsaya a kanta. Tana kama magidanta da matan aure, takan fara da nauyi a ciki da saurin ƙoshi saboda saifa ta girma. Tun 2001 akwai ƙwayar imatinib, wadda aka fi sani da Glivec, da ake sha kullum, mutum ya yi noma ya yi kasuwa shekara da shekaru. Ƙwayar na danne cutar ne. Wanda ya bar sha saboda ya ji sauƙi, ko ya raba ƙwaya biyu don ta daɗe, yana ba ta damar juyewa ta zama mai sauri.

Ga waɗanda yaƙi ya yanke wa magani

Kafin 15 ga Afrilu 2023, yawancin masu sankara a Sudan na zuwa asibitin Zarra a Khartum, wanda aka buɗe a 1967, ko Cibiyar Sankara ta Jami'ar Jazira a Wad Madani, wadda ta fi kusa da mu. Yaƙi ya tarwatsa na Khartum, a Disamba 2023 kuma ya iso Madani, marasa lafiya suka biyo wannan titi namu zuwa gabas, nauyi ya koma kan cibiyar sankara da ke garin Gadarif. Idan a tantinku akwai wanda ya fara kimawi ko Glivec a can ya tsaya, ko da watanni sun wuce, ya zo asibitin sansani a wannan mako. Ya zo da duk abin da ya rage: kati, sakamakon gwaji, kwalin magani ko da babu komai ciki, hoton takarda a waya. Wanda ya rasa duka ya zo da abin da ya tuna, sunan asibiti, watan da aka fara, jur'a nawa aka yi. Kada a hau mota zuwa wata cibiya sai da takardar turawa, domin wurin da ke da magani a wannan wata ba lalle ne ya kasance da shi a wata mai zuwa ba, kuma likita ne zai bincika kafin ku kashe kuɗin hanya.

Mai shan kimawi ba shi da masu tsaron jiki. Idan zafinsa ya kai 38, ko ya kama rawar sanyi, a kai shi asibiti a take, ko da tsakar dare ne, a faɗa wa ma'aikacin farko da aka gani cewa yana kan kimawi. A tafasa masa ruwan sha, a dafa abinci ya nuna, ya kwana a gidan sauro, a nisanta shi da mai ƙyanda ko ƙarambau. Idan masu rigakafi sun zo, a sanar da su kafin a ɗiga masa ko a yi masa allura. Gashi zai zube, zai kuma sake fitowa. 'Yan uwa da maƙwabta masu lafiya su shirya ba da jini, don za a nema fiye da sau ɗaya.

Jinya mai tsawo na raba iyali, a nan ne aikin ofishin kariya ya shigo. Uwar da za ta bi ɗanta Gadarif ta zo ta sanar da mu wanda za ta bar wa sauran yara, mu rubuta sunansa, mu riƙa leƙa su. Takardar turawa ba ta sayarwa ba ce. Duk wanda ya nemi kuɗi ko wani abu a kanta, a faɗa mana, sunan mai ƙara ba zai fita ba. Wanda Larabcin likita ya yi masa nauyi ya nemi tafinta, mu zauna tare har ya gane sunan cutar da ranar komawa.