Masu kwana waje don ɗaukar hoton taurari

A lokacin ɗari, in dare ya yi, duk wanda ya ɗaga kai zai ga taurarin nan da Hausawa ke ce ma Kaza da Ƴaƴanta, malamai kuma su ce Surayya. Ido yakan ƙirga shidda ko bakwai. Amma masana sun tabbatar garke ne mai taurari fiye da 1000, haskensu kuma yana tafiyar shekara wajen 440 kafin ya iso duniya.

A ƙasashe da dama akwai mutanen da ba wanda ya sa su, ba wanda ke biyan su, amma suna kwana waje don ɗaukar hoton irin wannan garke, da na gizagizan ƙura da iskar gas da ke tsakanin taurari.

Ga asirin aikin. Ido ba ya ajiye haske, kyamara kuwa in an bar ta buɗe tana tara shi kaɗan kaɗan, kamar yadda ruwan indararo ke cika randa. Sai dai duniya tana juyawa, taurari suna gusawa daga gabas zuwa yamma. Saboda haka ake ɗora madubin hangen nesa bisa wani inji mai bin su sannu a hankali. In injin ya kauce, tauraro ya zama zane, aikin dare ya ɓaci.

A shekara ta 1880 wani likita a Amurka, Henry Draper, ya fara ɗaukar hoton girgijen da ke cikin taurarin da Turawa ke kira Oriyon, ya bar kyamara buɗe minti 51. A 1883 Andrew Common, injiniya a Ingila, ya sake ɗaukar sa a bayan gidansa, sai ga taurarin da ido bai gani ba ko ta cikin madubin. A 1886 Isaac Roberts, ɗan kwangilar gini, ya nuna hazon da ya lulluɓe Kaza da Ƴaƴanta.

Yau ana ɗaukar hotuna masu yawa, dare bayan dare, kwamfuta ta haɗa su wuri guda. Da wannan dabara, a 2022, Yann Sainty da Xavier Strottner na Faransa, da Marcel Drechsler na Jamus, suka gano wani baka na iskar gas a gefen babban gungun taurari na Andromeda. Madubin da aka yi aikin da shi faɗinsa bai wuce santimita 11 ba, amma an tara haske na fiye da awa 100. Manyan ma'aikatun binciken sama sun daɗe suna duban wurin, ba su lura da shi ba. Mahaƙurci mawadaci.

Abin da ke damun masu wannan aiki shi ne duhu yana ƙaranci. Wani binciken 2016 ya nuna kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farar hanyar nan ta taurari, saboda fitilun birane. Maganin ba shi da wuya: a sa ma fitilar titi hula, haskenta ya dubi ƙasa inda ake bukatarsa. Mai tafiya ya ga hanya, mai kyamara kuma ya ga samaniya.